Ƙafafun Ama Kausila

Duk wanda ya san Ama Kausila ya san kwarmin da ke saman goshinta. Igiyar kwando ce ta yi mata shi. Tun tana amarya a ƙauyenmu na kan duwatsun Dolaka take dakon gishiri. Ta sauka kwari da kwando wayam, ta hawo da shi shaƙe, igiya a goshi, kaya a gadon baya, ƙafa ba takalmi. Mu yara mukan hango ta daga bakin makaranta tana wuce maza majiya ƙarfi tana yi musu tsiya: "Ku matsa, 'yan lelen uwa, ku ba mai aiki hanya!" Ba ta iya tafiya a hankali ba, ko gaisuwar mutuwa za ta sai ta bar 'yan rakiya a baya.

Mijinta ya tafi Indiya aikin gadi lokacin ɗansu Dambar yana rarrafe, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Ba gawa, ba labari. Tunda ba wanda ya ga mutuwarsa, ba wanda ya yi masa zaman makoki, kuma abin nan ya tsaya mata a rai har ƙarshen ranta. Takan ce yana zuwar mata a mafarki, kai kawai ba gangar jiki, yana roƙon ruwa.

Saboda haka tun muna ƙanana ta dinga karanta mana yadda ake yi, kamar mai koyar da waƙa. In uwa ta mutu ɗa zai aske kai, ya ɗaura farin yadi marar ɗinki, ya kwana a kan ciyawa kwana goma sha uku. Ba ya taɓa kowa, ba mai taɓa shi. Shinkafarsa shi zai dafa da kansa sau ɗaya a yini, gishiri kuwa ko a kan harshe. Kullum da asuba ya yi wanka da ruwan sanyi, ya dunƙula shinkafa ya ajiye wa mamaciyar a bakin kogi. Dunƙulen nan su ke gina mata sabon jikin da za ta yi tafiya da shi. Na farko kai, na biyu wuya da kafaɗu, na uku ƙirji, na huɗu baya, a haka har a sauko kan ƙafafu. In aka tsaya a hanya, nan ita ma za ta tsaya.

"Gishirin duniya na ɗauka a kaina," in ji ta. "Abin da nake nema kawai mutum ɗaya ya bar shi domina kwana goma sha uku. Na yi zari?"

Dambar shi kaɗai ta haifa, ga shi da yawan laulayi. Fandit, mai yi mana addu'ar haihuwa da ta mutuwa, ya ce a nema masa amini na rantsuwa, wanda muke ce wa mit, ko ya samu jingina. Ni Netra, ɗan maƙwabciyarta, aka zaɓa. Aka zaunar da mu gaban wuta, muka shafa wa juna jan gari a goshi, muka yi musayar hula. Daga ranar uwarsa ta zama uwata, wato Ama da harshenmu, tawa ta zama tasa, sunansa kuma ya haramta a bakina. Mitju nake ce masa, Mitju yake ce mini, ko dambe muke yi.

Da hanyar mota ta iso ƙauye, gishiri ya koma zuwa a buhu, dako ya mutu. Rabin gari ya kwararo Katmandu, har da mu. Ama Kausila ta shiga ɗaukar bulo a wurin magina. Da bayan ya fara gardama ta sayi kurfoti ta zauna gasa masara a mararrabar unguwarmu, kuma da masarar nan Dambar ya yi fasfo. Ya yi Malesiya, ya yi Katar, daga ƙarshe ya faɗa Japan, inda aka ce har gidan abinci ya buɗe. Ni kuwa ina nan inda aka bar ni, ina tuƙa tankar ruwa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana aike. Ya aiko bargo, ya aiko waya, ya aiko tukunyar shinkafa mai aiki da lantarki, wadda ta mayar ma'ajiyar albasa. Shi ne dai bai zo ba, shekara da shekaru. Ita kuwa ta sayi farin yadi ta naɗe a akwatin ƙarfe, duk ƙarshen damina ta fito da shi ta shanya. "Na Dambar ne," takan ce mini. "Kada ranar ta zo a tsaya neman aro."

Ranar ta zo a farkon sanyi. Ta faɗi a gefen kurfotinta, kafin in kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Dambar ya iso kashegari. A bakin kogin Bagmati na ga an aske masa kai, na ga ya ɗaura yadin nan, ya sa wa gawarta wuta da hannunsa, yadda ake yi a wurinmu. Na yi kuka, amma har da na daɗi a ciki. Na ce a raina, to Ama, kin samu. Mai gidan da take haya ba ya son makoki a gidansa, sai Dambar ya kama ɗaya daga cikin ɗakunan da ake ba masu zaman makoki a gefen kogin. Sau biyu ina kai masa ayaba da man shanu, mai gadi yana ce mini ya sauka wanka, in ajiye. Ban kawo komai a raina ba. Ni ma na bar gishiri da nama da giya, domin haƙƙin mit ke nan.

Rana ta huɗu da yamma ina wanke tanka, waya ta yi ƙara.

"Mitju! Kana ina? Zo ka same ni wurin Didi Putali."

Na ɗauka kunnena ne ya samu matsala. "Wurin wa?"

"Didi Putali mana! Yi sauri." Ya kashe.

Mashayar Didi Putali, wato Yaya Putali, ɗaki ɗaya ce a lungun masu walda, ƙofarta koren labule ne da maiƙo ya mayar baƙi. Benci uku, tebur biyu, murhu a kusurwa, ga busasshen naman ɓauna da muke kira sukuti yana rataye a sama yana shan hayaƙi. Da kanta take dafa barasar tamba, kuma ba ta taɓa tsarma ta da ruwa ba. A nan ni da Dambar muka koyi sha muna samari, a nan kuma ta sha korar mu da muciya. Da yamma irin wannan ba ka jin maganar kanka saboda hayaniyar direbobi da birkiloli. Amma da na ɗaga labule na tarar da wurin tsit, kamar mutuwa ta gifta.

Mutane duk sun cure a benci biyu, kafaɗa na gugar kafaɗa, na ukun an bar wa mutum ɗaya. Yana zaune ya baje, da rigar fata, da takalmi sau-ciki mai sheƙi, hular sanyi ya ja ta har kunne ta rufe askin. A gabansa doguwar kwalba ce mai rubutun Japan. Kafin in ja da baya ya taso ya rungume ni. Wani birkila ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Mitju, me kake yi a nan?" na ce. "Wa ka bari a ɗakin?"

"Zauna mana mu gaisa tukuna! Kai, dubi tumbi! Ruwan nan kai wa mutane kake yi ko shanyewa kake?"

Na zauna a ƙarshen bencin. Ya tsiyaya mini abin kwalbarsa, na ture kofin. Didi Putali ta kawo mini ruwan zafi ba tare da na tambaya ba. Shi kuwa ta dire masa faranti daga nesa, ta tura da bakin muciya. Dafaffen dankali ne, da ɗanyar citta, da ayaba biyu. Abincin mai makoki.

"Didi, sukuti na ce miki."

"Ya ƙare."

"Ga shi can yana lilo ina gani!"

"Na ce ya ƙare, ƙanena. Ita ma giyar da ba ka shigo da taka ba, da ta ƙare."

Ya yi dariya ya juyo wurina. "Didi ba ta canza ba. Ka tuna ranar da ta kama mu mun juye mata tulu muka cika da ruwa?" Daga nan ya ɓalle da hira. Ya tuno lemon hedimasta da muka sace muka ɗora wa akuya laifi. Ya tuno ranar da lemar Fandit ta faɗa kogi muka bi ta har ƙauye na gaba. Dambar ya iya ba da labari tun yana yaro, har muryar Fandit yake kwaikwaya. Sau ɗaya na ji bakina yana neman yin murmushi, na ji kunyar kaina ta rufe ni.

"Ina Harka mai sarewa?"

"Ya mutu bara waccan."

"Ayya. Sabitri fa, mai kitso biyu, wadda ka rubuta wa waƙa ta ba ɗan'uwanta ya karanta a kasuwa?"

"Tana da jikoki."

"Kai, duniya!" Ya kurɓa, ya zaro waya. Ya nuna mini gidan abincinsa, ya nuna mini matarsa, ya nuna mini 'yarsa cikin kayan makaranta, wadda ya ce ko gaisuwa ba ta iya da harshenmu ba, yana faɗa yana alfahari. Sai ya tsaya a kan wani hoto. Ama Kausila ce a jikin bango, kusa da inda ake biyan kuɗi, an zagaye ta da furen roba.

"Ka gani? Ban manta da ita ba. Tun tana da rai na liƙa. Masu cin abinci suna sonta, wai fuskar mutanen dutse ce sak, har kwarmin goshin nan suke tambaya. Kasuwa take jawo mini, na rantse."

Na ajiye kofin.

"Mitju, wa ka bari a ɗakin?"

Ya sosa ƙeya ta cikin hula. "To, ka ji yadda aka yi. Dare ɗaya na yi a kan ciyawar nan. Kuɗin cizo, sanyi, ga bayana da likitana na can ya ce in kiyaye. Da safe wani ya ce mini, ranka ya daɗe, me ya yi zafi? Ai akwai masu zauna wa mutum, sana'a ce. Aka kawo mini wani tsoho, na ba shi yadin, na koma otal."

"Ka ba shi yadin."

"To wani zan saya, ga wanda aka riga aka saya? Haba Mitju, kada ka dube ni haka. Kowa haka yake yi yanzu."

Ba kowa ba. Na san da masu wannan sana'a, ban kuma taɓa zaginsu ba. Suna zauna wa wanda bai bar ɗa ba, da wanda ɗansa ya maƙale a ƙasar mutane ba takarda, yana kuka ta waya. Amma wannan ga shi da ƙafafunsa biyu, tsakaninsa da kogin bai fi ka kunna taba ka shanye ba. Na gaya masa haka, ban rage ba.

"To ji sauran," in ji shi, ya rage murya, ko da yake ba wanda ba ya ji. "Tsohon nan ashe tari gare shi. Ruwan sanyin ya kayar da shi yau da rana, an kwashe shi zuwa asibiti, da yadin da komai. Fandit ya ce in gari ya waye ba a ajiye dunƙule na biyar ba, aikin ya lalace."

Na yi lissafin da ta koya mana. Kai, wuya, ƙirji, baya. Yau aka gina mata baya. Matar da ta taka duwatsun Dolaka ba takalmi tana can yashe a bakin kogi, da bayan ɗaukar kaya, ba ƙafar tafiya.

Na sassauta murya, domin ba faɗa ne ya dame ni ba a lokacin. "Mitju, tashi. Rufe kwalbar nan. Mu je wurin Fandit yanzu, ya san yadda zai tsarkake ka. Yadi ni zan nemo. Zan kawo maka bargo, zan kwana a bakin ƙofarka har a gama. Abin da ta roƙa ke nan duk rayuwarta, ba ta roƙi tukunyar lantarki ba."

Ya ɗauki dankali ɗaya yana juya shi a hannu. "Irin wannan take binne mana a toka in mun dawo makaranta," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. Na ga Didi Putali ta tsaya da juya tukunya. Mutanen benci ma sun ɗaga kai. Ni dai har na fara gyara zama zan miƙe, na ɗauka an gama.

Ya gatsa dankalin, ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Didi, ba gishiri."

"Na sani," in ji ta.

Ya tashi, ya zagaya bayan murhu inda ba mai shiga sai ita, ya buɗe tulun gishirinta, ya zura hannu. Wani tsohon direba da ya san ta tun daga ƙauye ya ce, "Haba, ɗan Kausila." Ko juyowa bai yi ba. Ya dawo ya barbaɗa, ya ci, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganin abin ƙyama a garin nan, na taɓa tsamo mushen kare daga tankin otal, amma ba abin da ya kai lashe yatsun nan. Didi Putali ta sa tsumma ta ɗauki tulun, ta fita, muka ji ta juye shi duka a kwata.

"Jirgina jibi ne," ya ce, kamar ba a yi komai ba. "Kukuna ɓarawo ne, in na ƙara mako zan tarar ya sayar da kujeru. Shi ya sa na kira ka. Kai ma ɗanta ne, a gaban wuta aka ƙulla. Na tambayi Fandit, ya ce ya halatta."

Ashe hirar lemo da Sabitri duk share fage ne.

"Uwata tana da rai, Mitju."

Ko yaro ya san wannan. Mai uwa a raye ba ya aske kai ƙwal ya ɗaura fari, kiran mutuwa ne a kanta. Tsohuwata ko farar hula ta gani a kaina sai ta fizge.

"Camfi ne kawai," in ji shi.

"Camfin ne ya hana ka hawa jirgi ka bar uwarka haka?"

"Mutane za su yi magana." Ya matso, warin giyarsa ya doke ni. "Ji nan. Ɗanka Sujan ba zaman kashe wando yake yi ba? Ka yi mini wannan, ni kuma in ɗauke shi. Takardu, masauki, aiki, duk a kaina. Kafin shekara ya gina maka gida."

Ba zan yi ƙarya ba, raina ya biya. Sujan ya gama makaranta ya rasa aiki, kullum uwarsa tana kuka a kunnena, ya nemi fita har ya gaji. Dambar ya ga abin a fuskata, ya ɗauka ya kama ni. Sai ya daki kafaɗata yana dariya.

"Kuma tsakani da Allah, tsohuwar taka ai ta kusa. Ka ɗauka gwaji kake yi. Ranar tata ta zo ka riga ka ƙware."

Na miƙe. Ban san lokacin da bencin ya kife ba.

"Dambar," na ce.

Ya daina dariya. Tun ranar musayar hula bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba, kuma duk wanda ke ɗakin ya san abin da hakan yake nufi.

"Dambar Karki, ɗan Kausila mai gishiri. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tir da kai, tir da kwalbarka, tir da furen robarka. Ɗana kuma ka bar mini abina. Gara ya tsufa yana kashe wando a gabana da ya koyo irin wayewarka, in mutu ya yi hayar mai tari."

"Ɗauki kwalbarka, ƙanena," in ji Didi Putali. "Haɗa da kofin da farantin, ba mai ƙara ci a cikinsu."

Na ɗaga labule na fita. Ina cikin lungu na ji muryarsa a bayana: "To wa zai zauna? Haka za ka bar ta?" Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ɗan banzan ya san ni sarai.

Na isa gida ana kunna fitilu. Tsohuwata tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana murza lagwanin auduga na fitilar ibada, aikinta ke nan tun da idonta ya rage. Na tsaya nesa da ita, don mai makoki ya taɓa ni ban yi wanka ba. Ban yi niyyar gaya mata ba, amma ta ji yadda nake numfashi.

"Wa ya taɓa ka?"

Na kwashe duka na gaya mata, har da gishirin, har da maganar Sujan. Maganar gwaji kaɗai na haɗiye. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina murza audugarta ba. Ita da Ama Kausila sun yi shekaru suna faɗa a kan kaji da igiyar shanya, kuma ba wadda ta taɓa cin abu mai daɗi ba ta aika wa 'yar'uwarta ba.

"Yau ta kai ina?" ta ce.

"Baya, Ama."

"Baya." Ta ajiye audugar. "Kausila da baya ba ƙafa. Ai haukacewa za ta yi."

Ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwati. Ta fito da farin yadi a naɗe, sabo ƙal, yana warin maganin asu. Ban taɓa sanin tana da shi ba.

"Wannan naka ne, na ajiye don ranata. Ɗauka."

"Ama, kina da rai!"

"Ai shi ya sa. Kausila ta shanya yadi shekara da shekaru, ta mutu ba ta san wanda ta haifa ba. Ni ina so in gani da sauran idon da ya rage mini."

"In wani abu ya same ki fa?"

"Mutuwa ta san gidan nan, ba sai ka ɗaura mata fari za ta gane ƙofa ba. Sunkuyo."

Na ce ban yi wanka ba. Ta ce sunkuyo ta ce. Na durƙusa, ta sa hannu biyu ta shafa sumata tun daga goshi har ƙeya, a hankali, ta daɗe tana yi. Sa'an nan ta ture ni, ta ce in je in kwanta, asuba ba ta jira.

Kafin gari ya waye wanzami ya sauke sumar a bakin Bagmati. Fandit ya dube ni, ya dubi yadin, sai ya fara karatu. Ruwan kuwa, ban ga laifin tsohon mai tari ba, sanyinsa har cikin haƙori. Na dunƙula shinkafa na ajiye na biyar. Dambar bai leƙo ba. Ranar tafiyarsa ya aiko direban otal da kwandon 'ya'yan itace, na ce a ba biran bakin kogi.

Kullum da safe Sujan yake goyo kakarsa a babur. Takan zauna a kan matakala can nesa, ta lulluɓe da mayafi, ta ƙura mini idon da take cewa ba ya gani. Ba ta kuka. In na gama ta ce wa yaron su tafi. Ni kuwa duk tarin da ta yi sai in ɗago in dube ta.

Ranar da aka kai ga ƙafafu na dunƙula da kyau, na ajiye, na ce a hankali, "Ama Kausila, ga su nan. Tashi ki wuce su." Na daɗe a durƙushe. Da na ɗago, tsohuwata ta sauko matakala biyu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Netra."

"Na'am, Ama."

"Na gani. Ka iya." Ta gyara mayafi, ta miƙa wa Sujan hannu. "Sai dai dunƙulen naka sun cika ƙanana. Nawa in ya zo, ka ƙara musu shinkafa."